Kwalli a Idon 'Yartsanar Likita

Al Thumama, Doha

Rakiya ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Gwiwar da na zo a duba da sauƙi, amma na gaji. 'Yarki Likita Nafeesa tana fita asibiti da asuba, ta bar ni da 'yantsana goma sha ɗaya a kabad ɗin gilashi. Wai na Faransa ne, sun haura shekara ɗari, a gwanjo take sayensu. Kawunansu na tangaran ne marar ƙyalli, sai da safar hannu take taɓa su. Mace da miji da hankalinta!

Akwai wata ƙarama mai kumatu da ta ba ni tausayi, fuskarta a bushe. Jiya na yi mata wanka da ruwan ɗumi, na shafa mata man kaɗanya, na sa mata kwalli. Ashe tangaran ɗin shan mai yake. Fuskar ta yi dabbare-dabbare, gashin ya saɓule. Da Nafeesa ta gani, cewa kawai ta yi, "Khalas, shi ke nan, Mama." Tun daga nan ba ta yi mini magana ba. Na ce a sama mini jirgin Juma'a.

Yayarki,
Ikilima

Zariya

Yaya,

Bayan gaisuwa. Kada ki taho. An sa ni na yi shiru shekara uku, na gaji da riƙewa. Lokacin da kike kwance da hawan jini, Nafeesa ta haifi mace a wata bakwai, ba ta zo da rai ba. A nan Doha inda kike aka binne ta. Ta hana a gaya miki. Wannan ƙaramar 'yartsanar ita ta fara saya, sati biyu bayan nan. Ki je ki same ta, ko ba za ki ce komai ba.

Allah ya ƙara lafiya.
Rakiya

Al Thumama, Doha

Inna Rakiya,

Ina gaishe ki. Na ji haushinki kwana biyu, ya wuce. Mama ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, mun yi kukan da ban yi ba a wancan lokacin.

Na kai 'yartsanar wurin mai gyara, ya ce man ba zai fita ba, kuma babu mai sayenta yanzu. Ya ce zai iya goge kwallin. Na ce ya bari. Kakarta ce ta sa mata.

Mama ta fasa tafiya.

'Yarki,
Nafeesa