Na Ɓoye Keken Dogarawata, Yanzu Za a Tafi a Bar Ni

Malama Hilde,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana. Shekaruna tamanin da uku. Na yi aikin buɗe wa jiragen ruwa gada a nan Groningen, a arewacin ƙasarmu, har na yi ritaya, matata ta rasu shekara tara ke nan, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba.

A watan Yuli Tineke, 'yar ƙanena marigayi wanda ya yi ƙaura zuwa Ostireliya tun muna samari, ta zo da mijinta Lachlan da 'ya'yansu mata biyu. Suka ɗauki hayar babbar mota, suka ce ba za su zaga Turai ba sai da ni. Kwana goma sha biyu muka yi, daga Beljiyam zuwa gaɓar tekun Faransa, muka dawo ta Luksambur.

Ban taɓa ganin mutanen kirki irinsu ba. Lachlan a ƙasarsu ta hagu ake tuƙi, amma ya ratsa cunkoson birnin Antwerp na Beljiyam yana fito kamar a can aka haife shi. Tineke kuwa dariyar ubanta ta kwaso gaba ɗaya. In ta yi, sai in juya ina neman ƙanena. A bakin hanya take yanka burodi da cuku a kan murfin mota, kuma ni take fara miƙa wa. 'Yan matan suka bar mini kujerar gaba ba tare da kowa ya ce su bari ba.

Ga inda na yi wauta. Ina da keken dogarawa, irin mai ƙafa huɗun nan da tsofaffi ke turawa, kuma ba na iya tafiya mai nisa sai da shi. Ana gobe za su iso na kai shi ɗakin ajiya na kulle. Ban so 'yar ƙanena ta fara ganina a haka ba. Saboda haka duk inda muka tsaya sai in ce su je, ni na taɓa gani. A birnin Brugge na Beljiyam haka na ce. A Mont-Saint-Michel, tsibirin nan na Faransa da na yi shekara hamsin ina kallo a jikin kalanda, na zauna a benci ina hango shi daga nesa, na ce ai na taɓa gani. Alhali ban taɓa wuce Bremen ba, garin da ke nan kusa da mu a tsallaken iyaka. Har Lachlan ya sa mini suna Sarkin Gadin Mota, yana cewa ɓarayin Faransa sun ji labarina sun tuba.

Kuma kin san halinmu mutanen Groningen da kewaye, ba ma yabo. Duk daɗin da na ji, iyakar abin da ya fito daga bakina shi ne ba laifi.

Makon jiya wasiƙarta ta iso. Ta rubuta: “Baffa, ka yafe mana, mun wahalar da kai a banza kana ta haƙuri da mu. Baɗi za mu gangara Fotugal, amma ba za mu sake jan ka ba. Za mu biyo mu sha kofi mu gaishe ka.” Malama, na san kofin nan. Awa ɗaya ne da biskit ɗaya, sannan a dubi agogo. Ni kuwa kwanakin nan goma sha biyu su ne mafi daɗi tun rasuwar matata, kuma likita bai yi mini alkawarin bazara da yawa ba. In na faɗi gaskiya na zama maƙaryaci kuma kaya a wuyansu. In na yi shiru sun tafi. Yaya zan yi?

Tsohon Mai Gada, Groningen

*

Baba,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na fara lura da shi shi ne yabon da ka hana Tineke ka zuba mini shi har ya cika shafi. Ni ban yanka maka burodi ba. Mai haƙƙin wannan yabo tana Ostireliya tana zargin kanta.

Ban ga laifinka ba don ka so a gan ka a tsaye da ƙafarka; kowa yana so. Amma ka duba ɓangarenta. Ta tsallako rabin duniya ta sami yayan ubanta, sai ya ƙi fita daga mota kuma bai taɓa cewa ya ji daɗi ba. Janyewar da ta yi ba gajiya da kai ba ce, ladabi ne. Ta gaskata maganarka, wannan kaɗai ne kuskurenta.

Ka rubuta mata cikin makon nan. Ka faɗi zancen keken a jimla biyu, kada ka tsawaita neman gafara. Sauran takardar ka cika ta da abin da ka gaya mini: tuƙin Lachlan, dariyar ubanta, bencin da ka zauna. Sannan ka ce a fili kana so ka bi su. Kada ka bar ta ta yi ta hasashe, an riga an gwada wannan.

Kafin ka aika, ka ga likitanka ya gaya maka abin da jikinka zai ɗauka. Fotugal da nisa. Wataƙila kwana huɗun farko ne rabonka, daga nan ka dawo ta jirgin ƙasa da ɗan rakiya. Ka kawo wannan shawara da kanka, don kada nauyin faɗinta ya hau kanta. Mai yiwuwa kuma ta ce tsarinsu ba zai ɗauka ba. In haka ta faru, ka dai cire mata zargin da ba nata ba, kuma za ta san wane ne baffanta.

Amma ka hanzarta. Masu tafiya irin wannan tun da wuri suke zaɓen mota, kuma da yawan kujerun da suka ƙirga suke zaɓa. Ka sa a ƙirga da kai.

Allah ya ƙara lafiya, ya kai ka baɗi da ƙarfinka.

Hilde