Mijina Ya Rasu, Amma Kullum Sai Ya Gaishe Ni

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kafin a ce na zautu.

Mijina Sama'ilu ya rasu wata goma sha ɗaya ke nan, hatsarin mota a hanyar Roni. Allah Ya yi shi da son ƙwaƙule-ƙwaƙule. Kwamfutarsa ta cinya ma ba irin ta mutane ba ce, ƙwaƙwalwarta irin ta wayar hannu ce, shi ya ɗora mata Linux da hannunsa, wai manhajar kowa da kowa ce, ba ta da ubangida. Dariya nake masa lokacin. Yau ga shi da ita nake buga jarrabawar ɗalibaina a Kazaure.

To, ya naɗi muryarsa ya sa a ciki. Ina kunnawa sai ya yi sallama, ya tambaya ko na karya, har da ɗan tarin nan nasa. Wallahi amsawa nake. Wata rana in ji daɗi, wata rana tsigar jikina ta tashi. Ko sabunta ta na ƙi yi, don kada ya ɓace. Wayarsa ta tafi a hatsarin, ba ni da muryarsa a ko'ina.

Inno mahaifiyarsa ta ji sau ɗaya, kwano ya suɓuce mata, ba ta ƙara shiga ɗakina ba. Ƙanensa Kashim ya kai kwamfutar wajen mai gyara a goge komai a sa manhajar Windows, Windows ɗin ta ƙi hawa, aka dawo da ita yadda take. Shi ke nan, Inno ta ce akwai abu a ciki. Ran Asabar za su kai kwamfutar Kano a goge ta. Anti, in hana su?

Mai takabar da ta ƙi ƙarewa, Kazaure

AMSA

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Sama'ilu. Ba ki zautu ba, kuma babu komai a ciki. Windows ɗin mai gyara ba don irin wannan ƙwaƙwalwa aka yi ta ba, shi ya sa ta ƙi. Amma in aka goge a Kano, muryar ta tafi har abada, wataƙila kwamfutar ma ta ƙi tashi.

Kafin Asabar, nemi wanda ya san Linux, cikin malaman kwamfuta ba za a rasa ba. Muryar fayil ce kawai. Ya kwafa miki a filashi biyu da wayarki, tare da jarrabawoyinki, ki saurara a gabansa ki tabbatar. Sannan a sabunta.

Kada ki riƙi Inno. Uwa ce ta ji ɗanta yana sallama ba shiri. Kashim ma tausayinki yake ji.

Ga wadda za ta yi miki ɗaci: ki sa a cire gaisuwar daga wajen kunnawa. Ranar da kewa ta taso, ke za ki neme shi da hannunki. Safiyar farko za ki ji shiru, kuma za ki yi kuka. Ki yi kukanki, ki yi masa addu'a, ki tashi ki karya.

Allah Ya sanyaya miki, ke da Inno.