Abin da Ke Ƙarƙashin Kanta Ranar Talata

Zuwa ga Alhaji Ɗanlami, mai kantin kayan abincin gida na unguwar Soundview a nan ƙasar waje, da dattawan ƙungiyarmu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Isufu, mai tsaron kantinka shekara shida. Sau uku na same ka da maganar nan kana cewa sai ka yi tunani, shi ya sa na kawo ta gaban jama'a.

Na farko. Kai ka sa na nemi lasisin bindiga bayan fashin da aka yi mana. Na yi horo, na bi layi, na samu, tana nan ƙarƙashin kanta. Malamin da ya horar da mu ya ce mai bindiga ya riƙe wani abu da bai kai kisa ba, don ba kowane tashin hankali ne na harsashi ba. Na sayi ɗan gwangwanin feshin barkono a kantin magani, na sa hannu a takarda kamar yadda doka ta ce. Ka gani, ka ce in fitar da shi, wai zai ɓata garin rogo da busasshen kifin da ke buɗe a buhu. Alhaji, kantin da in an buɗe buhun yaji sai kowa ya yi atishawa har bakin titi!

Na biyu. Talatar makon jiya da azahar, Mustafa ɗan Hajiya Rabi ya shigo. Kowa ya san ciwon ƙwaƙwalwarsa, kuma ya daina shan magani. Mutum ne mai shekara talatin, ya fi ni jiki. Ya fasa kwalbar manja a gefen kanta, ya riƙe wuyanta, ya nufi mata biyu da ke zaɓen kuɓewa. Ban kira 'yan sanda ba, domin dattawa sun ce ɗan gida ba a kira masa hukuma, saboda matsalar takardun zaman uwarsa a ƙasar nan. Barkono ka hana. Sai na ji hannuna a kan bindiga, ina kiran sunan uwarsa da ƙarfi har ya tsaya ya dube ni. Ya yar da kwalbar ya fita. Da ya ƙara taku biyu, wallahi ban san abin da zan yi ba.

Na kusa awa guda ina goge manjan nan ja a ƙasa.

Na uku. Washegari Hajiya Rabi ta zo da kwanon waina ta ba ni haƙuri. Ta ce Allah ya yi mini albarka da na tausaya wa ɗanta. Na karɓa, na kasa ci. Ba ta san inda hannuna yake ba lokacin da nake kiran sunanta.

Ba ni da ikon barin aikin nan, da shi nake ciyar da 'ya'ya huɗu a Kumasi. Ba ni da ikon hana Mustafa shigowa, gidansu na bayan kantin. Kullum aka turo ƙofa sai gabana ya faɗi.

Ina roƙo: a bar ni in ajiye barkonon, buhunan kuma a yi musu murfi. Dattawa su taimaka a mayar da Mustafa wurin likita. In duk ba za a yi ba, Alhaji, ka ba ni izini in mayar da bindigar ga hukuma. In wannan ma ka ƙi, to ka je da kanka ka gaya wa Hajiya Rabi abin da ke ƙarƙashin kanta, don ni bakina ya kasa.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya ba Mustafa sauƙi, ya tsare hannuna daga jininsa.

Wassalam.

Isufu, mai tsaron kanti.