Na Hau Dutsin Hankaka da Inna

Birnin Konni, bayan kaka.

Zuwa ga ƙanena Hamidu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, Allah ya sa kana cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko kana raye ma ba kai za ka karanta ta ba, tunda ni aka kai lakwal, makarantar boko, kai aka bar ka gindin Inna. Da sai ka kai wa malamin lakwal ɗin garinmu, shi kuma kafin la'asar ya baza ni a gari. Yanzu babu mai ji, shi ya sa zan faɗi abin da ke raina tsakani da Allah, ba irin tsakani da Allah ɗin da nake yi wa masu sayen atamfa ba.

Labarin gida tukuna. Geron da ka shuka ya yi, Allah bai nufa ka ga kansa ba. Maƙwabta sun yi gayya sun yanke, dammuna suna cikin rumbu. Wake ne tsutsa ta taɓa. Matarka Hajara ta fita takaba, ta ce ba inda za ta, tana nan da ɗiyanka da Inna. Jakinka ya rame, kuma ba ya yarda kowa ya aza masa mangala. Na matsa kusa da shi ya juyo mini baya. Ka gani, har jaki a gidan nan ya san wanda yake so.

Na je ɗauko Inna ne. Tun ranar da muka rufe ka na ce ba za ta ƙara damina a ƙauye ba. Na yi mata ɗaki a gidana, na siminti, da rufin kwano, ga wuta, ga famfo a tsakar gida, ga likita kusa. Da kasuwar Laraba ta watse, ran Alhamis da safe na ɗauki shatar Fijo bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, don kayanta, na sa babbar rigata ta shuɗiyar shadda, muka kama hanyar Tajaye. A hanya ina ta lissafi: yanzu dai babu kai, dole ta dube ni.

Ka san yadda take da ni, amma ba ka san yadda abin yake a ciki ba. Ni ne ɗan fari. Ana yaye ni aka miƙa ni wa Kawu a Konni, na tashi cikin rumfar zannuwa. Yau ga furfura a gemuna, ban taɓa jin sunana a bakin matar da ta haife ni ba. In ba na nan, wancan na Konni. In na zo, a ba baƙo ruwa. In za ta yi mini magana sai ta dubi bango, ko ta bi ta bakin wani. An ce kunya ce, haka kowace uwar kirki take da ɗan fari, kuma ban musa ba. Amma kai fa? Hamidu da safe, Hamidu da rana, Hamidu ka ci, Hamidu rana ta yi ka shigo inuwa. In na kawo mata turmin atamfa da na ratso duwan, wato 'yan kwastan, da shi daga Sakkwato, sai ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Kai ka kawo gujjiya cikin hula, a sa maka albarka har maƙwabta su ji. Ina murmushi ina cewa Allah ya ƙara, cikina kuwa kamar an zuba barkono. Ka taɓa lura?

Da na faɗi abin da ya kawo ni, ba ta dube ni ba. Ta ce wa Hajara a gaya wa baƙo ba ta da amsa sai ta kewaya gari ta dawo. Na ɗauka bankwana za ta yi da wurare, na ce ciniki ya faɗa. Bayan azahar muka fita, ita da sandarta, Hajara riƙe da hannunta, ni a baya da tabarma da buta kamar ɗan dako.

Muka fara da tsohuwar rijiya. Ta tsaya ta shafa itacen bakinta inda igiya ta ci, ta ce nan ka taɓa faɗawa kana ƙarami aka fiddo ka kana dariya. Muka wuce kukar zuma, ta ce kai kaɗai ne kake hawa ƙudan ba su taɓa ka ba. Ƙarya ce, na tuna shekarar da fuskarka ta kumbura kamar tulu, amma wa zai ƙi shaidar uwa? A bakin tafki ta nuna ramin da ka ɗebi laka ka yi tubalin ɗakinta. A burtali ta nuna inda ka raba Fulani da manoma ba a zub da jini ba. Ko gawon nan na tsakiyar gona ba ta bari ba, wai kai ka hana a sare shi. Hamidu, ƙasar nan kaf an rubuta sunanka a kanta. Na duba gabas na duba yamma ina neman ko kututture ɗaya da za a ce nan Isufu ya taɓa tuntuɓe. Babu. Ni da na san Kano, na san Kwatano, na san wane jandarma ke son goro wane ke son sigari, a garin ubana ko kara ban karya ba.

Sai ta juya ta nufi Dutsin Hankaka. Ka san shi ba wani dutsi ba ne, a Konni ko suna ba za a ba shi ba, amma ga tsohuwa mai ciwon gwiwa ai hawa ne. Na aje tabarma na durƙusa na ba ta bayana. Ta kau da kai, ta ce wa Hajara a gaya wa baƙo zai ɓata shaddarsa. Hajara ce ta tallabe ta. Ni da ban ɗauki kowa ba sai da na zauna a tsakiya ina haki, takalmina na kanti yana zamewa kan tsakuwa. Na ji Inna tana faɗa wa iska cewa kai kana goye da ita kake hawa, ba ka taɓa tsayawa ba.

A sama na ga abin da ban sani ba. Wani faffaɗan dutsi, an jera masa ƙananan duwatsu a baya kamar majingina, an kare gefen da iska ke bugowa. Na gane aikinka, kai ne mai jera dutsi kamar za a zo duba shi daga buron gwamnati. Ba ta jira tabarmata ba. Ta zauna daram kamar mai zama a ɗakinta, ta miƙe ƙafa. Daga can ana ganin komai: rumbunan gari, tafki, maƙabarta inda kake kwance, can nesa hayaƙin gidan siminti na Malbaza. Na zaci kabarinka za ta duba. Ba ta dube shi ba. Mazaunin ma baya ya ba maƙabarta. Kudu yake kallo, inda jar hanya ta rabu da kwalta ta nufo gari.

Na tambayi Hajara a hankali me ake yi a nan. Inna ta riga ta, ta ce awaki ake dubawa. Na duba, ko akuya ɗaya babu. Sai da muna saukowa, Inna ta yi gaba kaɗan, Hajara ta gaya mini. Wai duk ran Alhamis, tun kafin a kawo ita Hajara gidan, kai ne kake goyo Inna ka kawo ta nan bayan azahar, ku zauna har motocin da suka ci kasuwar Konni su gama wucewa. In wata ta karyo jar hanya, sai ta ce ka sauke ta maza, ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya kafin baƙo ya iso. In ba wadda ta karyo, ta ce awaki sun yi nisa yau, ku koma. Wai shekarar da aka rufe iyaka, da aka ce an kama 'yan kasuwa a daji, ba Alhamis kaɗai ba, kullum kuke hawa.

Kana tsammanin na ji daɗi? Na ji, na ɗan lokaci, har na yi kamar tsakuwa ta shiga idona. Amma kafin mu kai gindin dutsin abin ya juye. Ni nake zuwa gida da ƙaramar salla da babba, wata shekarar ma sau ɗaya. Duk sauran Alhamis ɗin nan wa ke zaune kusa da ita? Kai. Ni ake jira, kai kake cin zaman. Fuskar da take yi in ta hango mota, ni ban taɓa ganinta ba, kai ka gan ta har ka gaji. Ashe ina da kaya a wurin Inna, kai aka ba ajiya, ka riƙe har ka shiga ƙasa ba ka ce mini uffan ba. Sau nawa muka raba goro ni da kai a ƙofar gida? Me zai rage ka in ka ce, Yaya, jiya mun hau dutsi? Na san amsarka. Za ka ce asirin Inna ne, ba naka ba ne da za ka bayar. Kullum kai ne mai gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da magariba na sake tayawa. Na ƙara da cewa Hajara da yara ma su zo, gidan zai ɗauke su. Na yi ciniki da Yarbawa, na yi da Buzaye, na san mai cewa albarka don a ƙara masa, na san mai cewa albarka don ba na sayarwa ba ne. Ta Inna ta biyun ce. Ta ce a gaya wa baƙo ta gode, amma a Konni babu dutsi. Fijo ta koma da ni da buhun gero da ta sa aka aza, ba ta ce na wane ne ba.

Na kwana biyu ina juya maganar. In na kai ta gidana, kullum ina gabanta, kullum bango za ta duba. In na dawo ƙauye na zauna, haka. Ni sai ina nesa ake dubana. To, ɗan kasuwa ba ya raina riba don ta yi kaɗan.

Alhamis da ta kewayo na bar rumfa, na sa shuɗiyar shaddar nan, na hau motar Illela. A mararraba na sauka. Ban karya jar hanya ba, don na san ina karyawa za a gudu ɗaki. Na hau kan wani suri na tsaya, na buɗe hannuwan riga yadda ko makaho zai gan ni. Can kan dutsi ga ɗigo biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi. Farin, mayafin Inna, bai motsa ba, ni ma ban motsa ba. Masu wucewa da amalanke suna ta kallona, wani har ya tambaya ko aljanu ne. Sai da rana ta yi ja na tsai da motar komawa. Yanzu haka nake yi duk mako. A kasuwa an fara cewa na yi sabuwar mata a Tajaye, ni kuma ban ƙaryata ba.

Saura abu ɗaya. Hajara ta ce Inna ta bar wasiyya a sa ta kusa da kai. Ban yi mamaki ba, nan ma ka riga ni. Na san ba a kama wuri a maƙabarta kamar rumfar kasuwa, amma na kai wa liman goro, mun fahimci juna. Na auna da ido, akwai fili. Kai kana gefe ɗaya, ni ina ɗayan, ita a tsakiya. Can dai babu bangon da za a duba. Ka ci zamanka na duniya, ban ce komai ba. Wanga karon ka matsa, kada ka miƙe ƙafa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Sai na iso.

Ni ne yayanka, baƙon gidanku,
Isufu