'Yar Sifikar da Ba Ta Rufa Asiri

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna, ya matarka da yara? Ni lafiya lau, aiki sai godiya. Ɗakin da nake kwana ƙarami ne, amma mutum ɗaya me zai yi da fili?

Kai da ka koya mini haɗa manyan sifikun biki, da ka ga abin da muke ƙerawa a shagon nan sai ka yi dariya. Akwati ne bai kai bulo ba, sifika ɗaya tal a ciki, ita ce kiɗa, ita ce murya. Maigidana, mai shagon, ya ara mini guda na kai ɗaki. Na jona ta da ƙaton amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, yadda muka saba, ta dinga ihu har maƙwabci ya buga bango. Maigida ya ce, "Wannan ba a yi mata tsawa, lallaɓa ta ake yi." Ya ba ni ɗan ƙaramin amfilifaya mara ƙarfi.

Da shi na saurari saƙon muryar da Inna ta aiko. Wallahi sai da na waiga, na zaci tana zaune bakin gado. Sai dai na ji abin da waya ta ɓoye mini: tana tsayawa ta ja numfashi tsakanin kalma da kalma.

Tun yaushe, Yaya? Don Allah ku kai ta asibiti. Kada ka ce mini lafiya lau, ni ma da kalmar na buɗe wasiƙar nan.

Allah ya ba ta sauƙi.

Ƙaninka