Rasuwar Alhaji Mele Ɗanburam, Wanda Ya Koya Mana Bin Hannun Dama

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Direbobin Haya ta Yola da Jimeta ke sanar da jama'ar Jihar Arewa Maso Gabas labarin da ya iso mana na rasuwar ubanmu, uban tashar Jimeta, Alhaji Mele Ɗanburam, wanda babba da yaro ke kira Bappa Mele, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talatar da ta wuce bayan mota ta buge shi a hanyar Gwadabawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Muna kuma so a sani tun farko cewa akwai wani ran da ke neman salwanta a bayan na marigayin, wato Malam Bakari, direban da motar ke hannunsa, wanda tun ranar ya kulle kansa a ɗaki, ya rantse ba zai sake taɓa sitiyari ba, ga kuma waɗanda bakinsu ba ya hutawa suna ta zunɗen ƙofar gidansa.

Marigayi ya zo mana daga Barno yana saurayi, ya yi shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Jimeta da Garwa ta ƙasar Kamaru, a zamanin da mu ke bin hannun hagu su kuma suna bin dama, ta yadda duk direban da ya isa kan iyaka sai ya tsaya ya yi bisimilla ya sauya hannu. Da yamma, idan tasha ta lafa, yakan jingina da tayar motarsa ya lumshe ido, ya ce watarana mutum zai tashi daga Jimeta, ya wuce Garwa, ya wuce Marwa, ya yi ta miƙawa har bakin tekun da alhazai ke ƙetarewa, bai sauya hannu ko sau ɗaya ba. Mukan yi masa dariya mu ce Bappa ya tafi Makka ya bar mu da lodi. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Ku bar ni, mafarki ba ya shan mai."

Da gwamnati ta ba da sanarwar cewa daga watan Afrilun bana ƙasa baki ɗaya za ta koma bin hannun dama, kai, tsoron da ya shiga tasha sai wanda ya gani. Wasu suka ce za su ajiye mota su koma noman shinkafa. Bappa Mele ne ya kwashe mu zuwa filin da ruwa ya janye a gefen tafkin Njuwa, ya zana titi da toka, ya miƙa wa kowa faifai a matsayin sitiyari. Sai ga manyan direbobi masu gemu, masu jikoki, suna tafiya a ƙasa riƙe da faifai suna yin hon da baki, masunta na dariya har filafili na faɗa musu a ruwa, balbelu sun jeru a bakin tafkin kamar masu jiran mota. Darasinsa guda ne, kullum shi yake maimaitawa: "Hannunka ya tsufa a hagu, kada ka biye masa, idonka za ka bi." A cikinmu babu wanda ya riƙe wannan magana kamar Bakari, wanda dama marigayin ne ya yaye shi a tuƙi. Safiyar da aka sauya, garin nan ya yi tsit, motoci na rarrafe kamar masu tafiya cikin barci, Bappa na tsaye a mararraba da farar rigarsa yana nuna hanya, aka wuni ko fenti ba a goge ba.

Abin da ba a gama ba shi ne ƙofofin bas-bas ɗinmu. An ƙera su ne suna buɗewa ta hagu, wanda a da shi ne gefen titi, yanzu kuwa ya zama tsakiyarsa, masu walda kuma ba su kai ga mayar da su dama ba. Ranar Talata marigayi yana cikin irin wannan bas, aka tsaya za a sauke Gogo Asta, wata tsohuwa mai sayar da ganye daga Vinikilang. Ya ga ta sa ƙafa za ta sauka da kwandonta kamar yadda ta saba, ya riga ta dirowa, ya tura ta ciki, daidai lokacin da motar Bakari ta iso daga ɗaya ɓangaren a kan titin da bai cika faɗi ba. Gogo Asta tana nan da ranta, ko ƙwarzane ba ta yi ba. A asibiti, kafin ya cika, abin da ya tambaya kawai shi ne ko Bakari yana kan hannunsa. Aka ce masa e. Ya ce, "To madalla, yaron ya koya."

Saboda haka Ƙungiya ta yanke cewa daga yau babu bas ɗin da zai yi lodi a tashar Jimeta ko ta Yola sai an mayar da ƙofarsa dama. Su kuma masu cewa wai da Bakari ya bi hagu da bai buge shi ba, haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Masu bincike sun auna, sun tabbatar yana kan hannunsa, a hankali yake tafe, ya kuma taka birki. Wallahi ranmu ya ɓaci da wannan magana, kuma duk wanda ya sake yin ta a tasha, da mu yake yi.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakin marigayin, uwarmu Hajiya Yakaka, da 'ya'yansa da jikokinsa, da jama'ar Barno mazauna Jimeta, da duk wanda ya taɓa zama a motarsa ya sauka lafiya. Mun yi rashin uba, kuma ba mu jin kunyar cewa mun yi kuka. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce masaukinsa, Ya ba iyalinsa haƙurin jure wannan rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

A ƙarshe, Hajiya Yakaka ta ɗora mana wani saƙo, ta ce mu faɗe shi a bainar jama'a. Ta ce idan ta fita takaba za ta koma Barno wurin danginta, kuma ba za ta shiga motar kowa ba sai wadda Bakari, wanda ta ɗauka tamkar ɗanta, ke ja. In ya ƙi, to a Jimeta za ta zauna har nata ya zo. Jiya mu da dattawan Ƙungiya muka je muka faɗa wa Bakari ta bayan ƙofa. Ya daɗe yana kuka. Can sai muka ji ya zare sakata, ya tambaye mu wace rana ce Hajiya za ta fita.

Sa hannu:
Malam Haladu Bobboyi
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiyar Direbobin Haya ta Yola da Jimeta