Amshin da Na Hana Ka a Ɗakin Taron Makarfi

Zuwa ga Yayana Tanimu, makaɗin noma na Taba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, da fatan Allah ya yalwata makwancinka, ina sanar da kai cewa iyali suna lafiya, masarar fadama kuma ta yi kyau. Na san mutane za su karanta wannan takarda. Hakan nake so, domin a gaban jama'a na yi maka laifi, a gabansu kuma ya kamata in faɗa.

Kai ka riƙe gangar mahaifinmu, ni aka kai makaranta Zariya. Duk hutun damina ina bayanka a gonakin gayya, daga Taba har Gubuchi, kana ba da waƙa muna amsawa, majiya ƙarfi suna kai fartanya. Kakan ce mai waƙa sau uku yake kira, in ba a amsa ba sai ya sauke ganga ya tafi gida. Ban taɓa ganin ka sauke ba.

Da na zama hedimasta a Ikara sai na daina zuwa. Ba ka tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Gani nake mai riƙe da alli bai dace a gan shi bayan ganga ba.

Bara da ɓarin jikinka ya shanye, labari ya kai ga wani fitaccen mawaƙi a Kano wanda kakarsa 'yar Kudan ce, nan yankinmu. Ya tara abokansa mawaƙa da 'yan fim, waɗanda hotunansu ke manne a bayan motocin haya, suka shiga situdiyo suka yi waƙar neman taimako da sunanka. Ba zan tauye musu haƙƙinsu ba, Yaya. Da kuɗin da waƙar nan ta tara aka yi maka magani, da su aka sayi keken guragun da ka riƙa zama a kai, aka gyara rufin ɗakinka. Yaran kirki ne, sun durƙusa har ƙasa da suka zo gaishe ka.

Bayan ta zaga gari sai suka shirya bikin ƙaddamar da ita a wani ɗakin taro a Makarfi, ranar Asabar bayan la'asar. Ban taɓa ganin cika irin wannan ba, har kan katanga mutane ne. Aka zaunar da ni a babban tebur cikin babbar riga, surukina liman a damana, a haguna wani tsohon ɗalibina da ya zama babba a ofis. Mai gabatarwa ya kira ni uban ilimi na ƙasar nan, na ji daɗi.

A ranar na ga yadda ake waƙar zamani a gaban jama'a. Kiɗan da amshin duk suna cikin na'ura tun daga Kano, mawaƙi yana bi da baki yana rawa. Babu wanda ke jiran wani.

Da suka gama aka turo kekenka tsakiyar dandamali, aka kara maka makirufo don ka yi godiya. Ba ka yi godiya ba. Ka ɗaga hannun da ya rage maka, ka buga shi a cinya, ka ba da waƙar fita gona, wadda ba a taɓa ɗauka a kaset ba: “Wa ya riga rana shiga gona?”

Harshenka ya yi nauyi, amma na ji kowane harafi. Mawaƙan suka dubi juna cikin ladabi, ba su san ta ba. Jama'a suka yi tafi, a zatonsu ka gama.

Ka sake. A wannan karon ba jama'a kake kallo ba, babban tebur kake kallo. 'Yan amshinka duk sun riga mu gidan gaskiya. A ɗakin nan kaf mutum ɗaya ne ya san abin da ake cewa, kai ma ka san haka.

Amshin ya zo mini har maƙogwaro, Yaya. Na dubi liman, na dubi ɗalibina. Da ka kira na uku sai na sa hannu na gyara hulata.

Mai gabatarwa ya janye makirufo ya ce Baba yana godiya ga kowa da kowa. Ka mayar da hannunka kan cinya a hankali.

Sati biyar ka ƙara a duniya bayan nan. Na zo duba ka sau da yawa, kowane zuwa da niyyar in yi maganar, kai kuwa sai ka riƙe hannuna ka tambaye ni ko an gama noman masara an yi mata banƙasa. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hoton bidiyon taron yana yawo a wayoyi har yau. Mutane suna tura mini suna cewa abin tausayi, tsoho ya rikice don murna. Ba rikicewa ka yi ba, aikinka ka yi daidai yadda aka koya maka. Wanda ya kalla da kyau zai gan ni a gefe da hannu a hula.

Mawaƙin nan na Kano ya zo gaisuwa ranar sadakar arba'in. Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni ya ce abin yana damunsa, ya san wani abu kake jira a ranar, ko akwai wanda ya san shi a ɗauka kafin ya ɓace. Na ce masa zan bincika. Ka ji, ko a ranar ma ban iya ba.

Jiya na kira shi na gaya masa gaskiya. Ranar Litinin zan hau mota zuwa Kano, za su sa mini muryarka da aka ɗauka a taron a kunne in amsa, kuma na ce a rubuta sunana cikakke a matsayin ɗan amshi. Na san na'ura ce za ta ji, ba kai ba. Amma ba na so baƙi su riga ka samu, don haka ga shi, Yayana, ka yi haƙuri da lattin:

“Mu ne, mu ne, raɓa ce shaidarmu.”

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ka amsa tambayar kabari ba tare da nauyin harshe ba. Ni kuma ya sanya maka tausayina, ka yafe mini kafin mu haɗu.

Ƙanenka,
Sa'idu, Ikara.